Kwanona A Gidan Fawa

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Yau kwana goma sha biyu rabona da nama. A gida ba wanda ya sani sai ƙanina, shi ma don a kwanonsa nake juye rabona ne. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki, saboda abin ya yi mini nauyi in riƙe shi a ka kawai.

Gidanmu gidan fawa ne. Baba mahauci ne, mahaifinsa mahauci ne, kakansa ma haka. Tun da asuba yake fita kwata, ranar Juma'a kuma ya tafi kara a Wudil sayen shanu. Da kuɗin nama aka yi mini makaranta har na gama sakandare, da shi aka saya mini keken ɗinkin da nake zama a kai ina jiran samun gurbin karatu. Ba na manta wannan ko da minti ɗaya.

Abin ya faro ne a watan Nuwamba, ranar sunan ɗan Yayata. Bayan ragon suna an ƙara da akuya saboda taro ya yi yawa. Ni aka ba wankin kayan ciki, kamar kullum, don na fi kowa iya wanke tumbi da hanji. A cikin bahon na tarar da mahaifa, da 'ya'ya biyu a ciki, sun gama haɗuwa, har da 'yan kofatansu. Ba wanda ya san tana da ciki. Na gama wankin, ban ce wa kowa komai ba. Amma tun daga ranar, in na kai tsoka baki sai maƙogwarona ya rufe. Na yi wata guda da rabi ina tura wa kaina da ƙarfi, ina kora wa da ruwa. Ranar ɗaya ga wata na ce ya isa.

Ga abin da na ɗaukar wa kaina. Ba nama, ba kaza, ba kifi. Ƙwai da nono da man shanu zan ci. Ba zan taɓa cewa nama haramun ne ba, don ba haramun ba ne. In Umma ko Baba suka tambaye ni, ba zan yi musu ƙarya ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Umma ta kama ni. Ta ce kwana uku tana lura da hannuna. "Ke, lafiyarki kuwa? Me naman ya yi miki?" Na gaya mata komai, har da akuyar. Ta yi shiru, sannan ta ce kowace mace a zuri'ar nan ta ga irin wannan, ita ma ta gani, kuma ya wuce. Ta ce ta ba ni mako guda in dawo hayyacina kafin ta sanar da Baba.

Asabar, 25 ga Janairu

Jiya da dare Baba ya dawo daga Wudil a gajiye, aka kai masa tuwon shinkafa da farfesun kai. Bai taɓa ba ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kiran sunana.

"Uwata, zo nan."

Na durƙusa gefen tabarma. "Ga ni, Baba."

"Naman da nake kawowa gidan nan, na sata ne?"

"A'a, Baba."

"Mushe ne?"

"A'a, Baba."

"To ɗauki wannan ki ci a gabana."

Na ɗauka na ci. Ban taɓa musu da shi ba, kuma ba jiya zan fara ba. Na haɗiye, na yi godiya, na tashi. A bayan gida na dawo da shi duka, ina rufe baki kada ya ji.

Kwana ashirin da uku sun tafi, lissafi ya koma farko. Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Tambayoyinsa biyu ne. Ni ina maganar maƙogwarona, shi kuma abin da ya ji daban ne. Duk wanda ya tashi a gidan mahauta ya san yadda ake yi mana: a ci naman hannunka da daɗi, a toshe hanci in ka zauna kusa. Akwai gidajen da har yau ba sa son ba ɗan mahauci aure. Baba ya shekara fiye da talatin yana haɗiye wannan a waje, yana dawowa gida inda ake girmama ledar da ke hannunsa. Sai ga 'yar da yake kira uwarsa ta ture kwanon. A wurinsa na shiga sahun masu toshe hanci ke nan. In ban warware wannan ba, duk waken da zan dafa a banza ne.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Bayan an tashi daga Islamiyya na tsaya na tambayi Malama. Na yi zaton ko dai za ta goya mini baya ko ta yi mini faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba, ta zaunar da ni kusan awa guda.

Ta fara da abin da ke kaina. Ta karanta aya ta 87 a Suratul Ma'ida, wadda ta hana muminai haramta wa kansu abubuwa masu daɗi da Allah ya halatta. Ta kawo labarin mutanen nan da suka so su wuce gona da iri a ibada, wani ya ce ba zai yi aure ba, wani ya ce ba zai ci nama ba, Annabi (SAW) bai amince musu ba. Ta ce in na bar nama da nufin neman lada, ko ina ganin na fi mai ci tausayi ko tsarkin zuciya, to na ɓata hanya. Annabi (SAW) ya ci nama, har an san ya fi son karfata.

Sannan ta juyo ɗaya ɓangaren. An kawo gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, Annabi (SAW) ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Malama ta ce ashe rai yana iya ƙin halal ba tare da an yi zunubi ba, matuƙar ba a canza masa hukunci ba. Ta tuna mini da maganar Nana A'isha cewa akan ga jinjirin wata uku ba a hura wuta a ɗakunan Annabi (SAW) ba, sai dabino da ruwa, da kuma gargaɗin Sayyidina Umar a Muwaɗɗa cewa nama yana da sabo irin na giya.

Abin da ta fi tsayawa a kai shi ne iyaye. Ta ce cin nama halal ne, barinsa halal ne, amma ɓata ran mahaifi ba ƙaramin abu ba ne. "Ki nemi yardarsa, 'yata, kada ki nemi ki kayar da shi." Na dawo gida da wannan jimlar.

Wani abu da ta faɗa a wucewa ya zauna mini: hadisi na 17 a Arba'una, wanda ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a yi yanka a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Baba kullum da dare yake wasa wuƙaƙensa, kuma na sha jin yana faɗa da yaransa in suka wasa wuƙa a gaban dabba ko suka ja ta da ƙafa. In yana zargin saniya na da ciki ba ya saye. Ban taɓa haɗa waɗannan da hadisin ba sai yau.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mako biyu ina cin miya da romonta ina tsame naman. In Baba na gida, Umma takan sa mini ƙaramar tsoka ta tsaya har in ci. Sau huɗu hakan ta faru.

Yau Hajiya, mahaifiyar Baba, ta zo. An riga an kai mata labari. "Takwara, matso in ga idonki." Ta ja fatar idona ta ƙasa ta duba, ta ce jinin da sauƙi-sauƙi. Ita zarginta iska ce ko sammu, don a saninta mai aljanu ne ake hana wa wani abinci. Ta sa aka yi mini hayaƙi, ta ba ni ruwan tofi. Na sha, ban yi gardama ba, addu'a ce.

Da hira ta yi nisa sai ta shiga ba da labarin ƙauye. Ta ce lokacin da aka kawo ta gidan kakanmu, duk da gidan fawa ne, yanka sai ranar kasuwa, kuma tsokar ta masu saye ce. Abin da ke shigowa gida ƙashi ne da ganda da ɗan kayan ciki. Sauran kwana shida tuwon dawa ne da miyar kuka, daddawa ce ke riƙe da tukunya. A shekarar fari da dabbobi suka yi ta faɗuwa, wadda na gane ta 1973 take nufi, sun yi watanni ba su ga nama ba. Da wake da gyaɗa da rama ta yi goyon Baba. Tana faɗa tana kallon Umma: "Wannan cin nama safe da dare naku ne na yanzu." Ba goyon bayana ta zo yi ba, amma ta buɗe mini ƙofa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na roƙi Hajiya ta zauna a wurin, na je na durƙusa gaban Baba. Na ce masa sana'arsa ce ta rufa mana asiri, kuma duk wanda ya raina ta ya raina ni. Na ce ba ƙyamarsa nake ba, ba ƙyamar hannunsa nake ba, abin da na gani a baho ne ya tsaya mini a wuya. Na roƙe shi ya ba ni lokaci.

Ya daɗe yana jan carbi. Daga baya ya gindaya sharuɗɗa. Zan je a auna jinina, kuma takardar a hannunsa za ta zauna. Zan ci gaba da dafa wa gida nama kamar yadda na saba, har da wankin kayan ciki. Maganar ba za ta fita daga gidan nan ba. Wa'adi kuma zuwa Babbar Sallah. "Ranar layya za mu sake magana, Uwata."

Na karɓa duka. Wankin kayan cikin ne zai fi yi mini wuya, amma na fahimci dalilinsa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

An auna. Ma'aunin jinina 11.3. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ƙasa da 12 a matsayin ƙarancin jini ga macen da ba ta da ciki. Umma ta ce ga shi nan, abin da take gudu. Likitar ta ce mako bakwai na ci-yau-bari-gobe ba lalle ne su kawo wannan su kaɗai ba, 'yan mata da yawa masu cin nama ma haka suke saboda al'ada. Ta rubuta mini ƙwayar ƙarin jini ta wata uku, ta ce in dawo.

Tare da 'yar Kawuna da ke aikin jinya muka zauna muka yi lissafi a takarda. Nauyina kilo 52. Baligi yana buƙatar furotin, sinadarin gina jiki, kimanin giram 0.8 a kowane kilo, ke nan ni giram 42 a yini. Busasshen wake giram 100 yana da kusan giram 24, gyaɗa kusan 25, waken suya kusan 36, ƙwai ɗaya kusan 6. Wannan ɓangaren bai da wuya ko kaɗan. Abin da hatsi ya rasa wake na da shi, abin da wake ya rasa hatsi na da shi, shi ya sa garau-garau da ƙosai da koko da faten wake da tsaki suka cika abinci tun kafin a san sunayen waɗannan sinadarai. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Dawanau ya ga buhuna ba zai yi mamaki ba.

Wurin da ake faɗuwa biyu ne. Na farko sinadarin ayon, mai gina jini. Mace mai shekaruna tana buƙatar kimanin miligiram 18 a yini, kuma na cikin ganye da wake jiki ba ya zuƙarsa kamar na nama, don haka marar cin nama sai ta kusa ninkawa. Lemon tsami da tumatir da gwaba da garin 'ya'yan kuka suna taimaka wa jiki ya ɗauka, shayi kuma yana hanawa in aka sha tare da abinci. Na biyu bitamin B12. Babu shi a wake, babu shi a zogale, babu shi a kowane ganye. Sai a abin da ya fito daga dabba. Ana buƙatar maikurogiram 2.4 a yini, kofin madara yana ba da kusan rabi, ƙwai ɗaya kusan kashi ɗaya cikin biyar. Haɗarinsa shi ne hanta tana ajiye shi na shekaru, mutum ba zai ji komai ba sai ajiyar ta ƙare, sannan ya taɓa jijiyoyi. Saboda haka nono da ƙwai ba zaɓi ba ne a wurina, dole ne. Na yi magana da mai nonon da ke zuwa layinmu ta riƙa ajiye mini kullum.

Shayin safe na mayar da shi hantsi.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama ranar 1 ga wata. Ban yi zaton zai zo mini da sauƙi haka ba. Buɗa-bakin gidanmu dama ƙosai ne da kunun gyaɗa da alala da soyayyen dankali da ƙwai, ba wanda ke lura da wanda bai ɗauki farfesu ba. Sahur nake yi da shinkafa da wake da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, in bi da fura da nono. Yana riƙe ni har la'asar.

Na samu ƙaramar tukunya. Yanzu in na soya kayan miya na zuba daddawa, sai in ɗebi nawa kafin a sa nama. Umma ta yi ƙorafin gawayi, na ce zan riƙa saye da kuɗin ɗinki. Miyar taushe da miyar gyaɗa da ta agushi ba sa neman nama. Miyar kuka ce ke nuna rashinsa, sai na ƙara daddawa da man shanu. Ɗunƙulen ɗanɗanon kaza na daina sa wa tawa.

Asabar, 22 ga Maris

Awara ta farko ta lalace, ta biyu ta yi. Na jiƙa waken suya da dare, na wanke, na kai markaɗe, na tace da kyalle, na ɗora madarar a wuta. Kuskurena na farko shi ne na zuba ruwan tsami tun ba ta tafasa ba, kuma na zuba da yawa, ta fito da tsami tana marmashewa. Wannan karon na jira ta taso, na riƙa zuba ruwan tsamin kamu kaɗan-kaɗan har ta dunƙule ruwan ya koma garai. Na kwashe a kyalle na danne da dutsen niƙa. Na soya, na yi mata miyar albasa da attaruhu. Ƙannena suka cinye rabi.

Baba ya gani a faranti bai taɓa ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Sallah ta kama Lahadi, 30 ga Maris, kuma a yawon Sallah na karya sharaɗi ba da niyya ba. A gidan Goggo aka kawo mini waina da miya, da cinyar kaza a sama, ta musamman don ni. A wurinmu wannan cinyar magana ce, cewa ake yi kina da daraja a gidan nan. Na ci wainar na bar kazar. Goggo ta ce in ci, na ce na ƙoshi. Ta sake cewa, na sake cewa. Sai ƙaramar ƙanwata ta ce, "Ai Yaya ba ta cin nama yanzu." Ɗakin cike da mata.

Kafin magariba labari ya zaga dangi. Jiya ya kai kwata. Abokan sana'ar Baba suna tsokanarsa wai 'yarsa ta gano abin da yake sayar wa mutane. Wasa suke yi, amma shi bai ɗauke shi wasa ba. Na gaishe shi da safe ya amsa bai dube ni ba, bai ce Uwata ba.

Da na sani, da na karɓi cinyar na ce zan tafi da ita gida. Hakan ba ƙarya ba ce, kuma da na tsare mutuncin Goggo da na Baba. Daga yau haka zan riƙa yi.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Wannan watan ya fi kowanne tsanani. Ga zafi, ga ƙwayar ƙarin jinin tana ɗaure mini ciki, ga Baba yana amsa gaisuwata da kalma ɗaya. Makon jiya na yi sakaci, ɗinki ya yi mini yawa, kwana huɗu ina cin taliya da mai da yaji kawai. Ranar Laraba na tashi daga kan keke jiri ya ɗebe ni na dafa bango. Barin nama ba shi ne cin abinci mai kyau ba, na gani a jikina.

Da daren nan Umma ta shigo ɗakina ta zauna bakin katifa. Ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce abin da ke hana ta barci gidan miji ne. Wace uwar miji ce za ta yarda da amarya mai tukunya biyu? In na samu ciki fa? In na haihu, wa zai hana a ba ni kauri da kunun kanwa da gasasshen nama kamar kowace mai jego? Tana magana hawaye na zubo mata. Ban da amsar yawancin tambayoyinta. Na ce mata kawai in ranar ta zo likita ta ce jikina ko abin da ke cikina na buƙata, ba zan yi taurin kai da ran wani ba. Ta ce to ko kifi in riƙa ci. Na ce ta ƙara mini lokaci.

Asabar, 10 ga Mayu

Baba ya kawo ragon layya, fari mai baƙin kai, aka ɗaure shi a turken da ke bayan ɗakin girki. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Uwata ce za ta kula da shi." Sunan ya dawo, amma da kaya a kansa. Na san gwaji ne.

Ina ba shi harawa da ƙowa, da dusar awarata da nake shanyawa. Yana sonta ƙwarai. Na hana kaina sa masa suna, na hana yara ma.

Alhamis, 22 ga Mayu

Awo na biyu: 12.4. Nauyi kilo 52 da rabi. Likitar ta ce in ci gaba da ƙwayar na ɗan lokaci don ajiyar jiki ta cika, in dawo a watan Agusta. Na san ƙwayar ce ta yi yawancin aikin, ban ɓoye wa Baba hakan ba. Na miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya sa ƙanina ya karanta masa lambobin sau biyu, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba tare da ta farko.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya aka yi layya. Na koma wurin Malama tun makon jiya, ta ce a Suratul Hajji an ce a ci a ciyar, kuma mafi yawan malamai sun ɗauki cin a matsayin abin so ne ga mai layyar, ba wajibi a kan kowane ɗan gida ba. Duk da haka na kwana da shawara guda: in Baba ya miƙo mini da hannunsa, zan karɓa in ci, ko da zai dawo.

Da aka sauko daga Idi na kwance ragon da kaina, na ba shi ruwa, na miƙa wa Yaya igiyar. Ban shiga ɗaki ba. Baba ya ɓoye wuƙar a bayansa har aka kwantar da shi, ya fuskantar da shi alƙibla, ya yi bisimilla da kabbara. Ko daƙiƙa biyar hannunsa bai yi ba. Na yi kuka, ban ɓoye ba, kuma ba wanda ya ce mini komai. Na wanke kayan cikin kamar yadda muka yi alkawari.

A gidanmu hanta ake fara gasawa, Baba ya yayyanka ya bi kowa da ita daga babba zuwa ƙarami, a tafin hannu. Ya ba Hajiya, ya ba Umma, ya ba Yaya. Da ya zo kaina na riga na buɗe hannu. Ya dubi hannun, ya dube ni, ya wuce ya ba ƙanina.

Wata biyar ina roƙon wannan. Da ya zo, sai na ji kamar an cire ni daga layin gidan. Shekara goma sha tara ban taɓa rasa wannan yankan hantar ba. Na tsaya da hannu a buɗe har Hajiya ta ja ni ta zaunar kusa da ita.

Da yamma ya kira ni ya nuna mini kason sadaka. Ya ce bana ni zan raba, in zaɓi gidajen da kaina. Na kai gida bakwai. A ɗaya daga ciki matar ta ce rabon yaranta da nama tun layyar bara.

Lahadi, 15 ga Yuni

Wa'adi ya cika bai ce komai ba, sai na je da kaina bayan isha'i. Na ce, "Baba, kun ce ranar layya za mu sake magana."

Ya ce, "Ban ce na yarda ba, Uwata. Har gobe ina ganin kina cutar kanki, kuma har gobe abin yana yi mini ciwo. Na dai daina sa ki." Ya ce in takardar Agusta ta sauka ƙasa da 12, maganar ta ƙare, zan koma ci ba tare da gardama ba. Na ce na yarda. Na roƙe shi abu ɗaya: layya mai zuwa, in Allah ya kai mu, kada ya tsallake ni. Ya sa mini a hannu, ni na san wanda zan ba. Bai amsa ba, amma bai ce a'a ba.

Yau kwana 122 ke nan a jere, in aka fara ƙirga daga ranar sharuɗɗa. Gidan har yanzu ƙamshin soyayyen nama yake, ana ta cika robobi da dambu da tukunyar kitse, kuma ni ke juya kaskon. Umma ba ta bar maganar kifi ba. Goggo ba ta gama hucewa ba, zan je in gaishe ta ranar Juma'a da kwanon alala. Mai nono ta ce da damina zai yi araha, zan ƙara yawan wanda nake karɓa. Saura in tambayi likita a Agusta ko za a iya auna mini B12, da kuma nawa ne kuɗin. Waken suya na jiƙe a roba, gobe da sassafe zan kai markaɗe kafin layi ya yi tsawo.